Gwajin Lantarkin Zuciya da Numfashin Maijego



Zuciya da lantarki take aiki. A samanta ta ɓangaren dama akwai ɗan gurbi mai sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti idan babban mutum yana hutawa, kowane tartsatsi ya ratsa tsokar, ta matse, ta tura jini. Wannan tartsatsin na'urar ECG ke ɗauka. A manna wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, kafin ka gyara kwanciya ta fito da takarda mai zane. Ba allura, ba jini, kuma ba ta sa wa jiki wuta. Ku faɗa wa tsofaffinmu haka, don ganin wayar kaɗai na firgita su. Na'urar da Willem Einthoven ya haɗa a Holan, har ta ba shi kyautar Nobel a 1924, nauyinta ya kai kilo 270, majinyaci sai ya tsoma hannu da ƙafa a bokitin ruwan gishiri. Ta yau akwai mai batir, ana iya ɗaure ta a bayan babur zuwa garuruwa irin Runka ko Wagini.

Takardar tana nuna bugun da ya rikice har jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki, tana nuna tsokar da hawan jini na shekaru ya kaurara. Amma maijego ce ta kawo ni nan.

Kun san ta. Ta haihu lafiya, an yi suna, sati uku ko wata biyu sai ƙafa ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙara kanwa a kunu. Alhali zuciyar ce ta saki, kanwa kuwa gishiri ce, ruwa take ƙara tara wa jikin da ya riga ya cika. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana wannan ciwo a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya nuna al'ada kaɗai ba ta isa bayani ba: akwai rama, da hawan jinin goyon ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam. Saboda haka kada a ɗora wa kakanni laifin duka. Arewacin Nijeriya na cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya, abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne yana da magani idan an gano shi da wuri.

A 2024 an buga sakamakon gwaji kan mata kusan 1,200 masu ciki da masu jego a asibitocin Nijeriya. Abin sauraron ƙirji mai ɗaukar lantarkin zuciya, haɗe da manhajar kwamfuta, ya gano ninki biyu na raunanan zukata da duban yau da kullum ya gano.

ECG ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Takarda na iya fita ba wani abin a zo a gani alhali ciwo na nan, tabbaci sai an yi hoton zuciya. Aikinta ta taimaka a san wa za a fara turawa Katsina, kuma a ƙasar da ta yi iyaka da dajin Rugu, inda ba a son dare ya riski mota a hanya, wannan sanin rai ne. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana: na'ura mai batir a kowace babbar cibiyar lafiya, a koya wa nas manna wayoyin daidai, ta ɗauki hoton takardar ta aika wa likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ta WhatsApp. Ku kuma magidanta, maijegon da numfashi ya hana kwanciya, a kawo ta ran nan, kada a jira arba'in.