Ƙiba, Kitse da Tsatsar Jijiyoyin Jini

Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Na zaɓi in yi magana kan ƙiba, domin da yawanmu mun bar makaranta kamar sillen kara, yau kuwa babbar riga ke rufa mana asiri. A wurinmu tumbi alamar arziki ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma cuta ta ɗauke ta.

Ga yadda ɓarnar take. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririyar fata mai santsi, wadda ke fitar da sinadarin naitirik oksaid, mai sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Gano aikinsa ne ya sa masana uku na Amurka suka sami kyautar Nobel a 1998. To, kitsen tumbi ba zaman banza yake yi ba, yana zuba maiƙo da sinadaran kumburi cikin jini. Daga nan sai wasu ɓurɓushin oksijin masu cin jiki su yawaita, su fi ƙarfin masu kashe su. Yadda tsatsa ke cin ƙarfe, haka suke cin fatar nan. Suna lalata wancan sinadari, suna gurɓata mugun kolestarol, ya maƙale a bangon jijiya, ya taru, hanya ta ƙuntata. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Kafin a kai mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sau da yawa aikin gama ya gama.

Ban ce ku bar tsire da balangun kasuwar Lahadi ba, amma a cire kitsen. A rage man shanu da gishiri, a daina maimaita man suya. A yawaita zogale, rama da wake. A yi tafiyar ƙafa mai ƙarfi minti 150 a mako. A auna ƙugu: namiji kada ya kai santimita 94, mace 80. A riƙa auna jini, in yana kaiwa 140/90 a ga likita.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya.