WAV ko MP3: wanne za ka zaɓa idan ka gama haɗa sauti?

Hirarmu ta yau da matasan mawaƙa ce, da masu haɗa talla, da wakilai masu aiko da rahoto. Sau da yawa mutum ya sha wahala ya ɗauki murya, ya haɗa da kiɗa, amma da an sa a rediyo sai ka ji kamar cikin gwangwani ake magana. Galibi a matakin ƙarshe ake ɓata aikin, wato wajen fitar da sautin daga manhaja.

Da farko dai, fayil ɗin da kake aiki a kansa cikin Audacity ko FL Studio, manhajar ce kaɗai ke buɗe shi. Sai ka danna Export, ko Exporter in da Faransanci taka take, sannan ka samu abin da za a iya saurare. To a nan ne za a tambaye ka: wane iri?

WAV, wanda Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, yana ajiye sautin ba ragi. Sai dai fa yana da nauyi. A ingancin faifan CD, minti ɗaya kan ci kusan megabayit 10, ka ga waƙar minti 5 ta kai 50 ke nan.

Shi kuwa MP3, da masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi babban aiki a kansa, dabararsa ita ce zubar da sassan sautin da kunne bai cika kamawa ba. A kan 128, minti ɗaya bai wuce megabayit 1 ba. Ga sauƙin data, amma abin da aka zubar ya tafi har abada. Ko ka mayar da shi WAV, nauyi kawai ka ƙara. In kuma ka gyara MP3 ka sake fitar da shi a MP3, kamar hoton takarda ne da aka sake ɗauka daga wani hoton, kullum ƙara dusashewa yake.

Akwai kuma FLAC, mai rage nauyi zuwa wajen rabi ba tare da asarar komai ba. Ya dace da ajiya, amma ba kowace na'ura ke karanta shi ba.

Saboda haka, ɗan uwa, fara fitar da WAV ka adana wuri biyu, shi ne uwar aikinka. Daga gare shi za ka riƙa ciro MP3: 320 in waƙa ce za a kai gidan rediyo, 128 in rahoton magana ne zalla. Ka lura kada alamar ƙarfin sauti ta taɓa ja, don sautin da ya fashe ba irin fayil ɗin da zai gyara shi. In ta WhatsApp za ka turo, bi ta inda ake tura takardu, fayil ɗin zai iso yadda ka fitar da shi. Kuma kafin ka tura, saurara daga farko har ƙarshe a ƙaramar waya, don da irinta yawancin jama'a za su ji ka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.