Ƙanƙarar 'Ya'yan Itace: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Malumfashi

Abin da ya sa aka shirya wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wata aba ƙarama wadda ta shiga kusan kowane gari a ƙasar Malumfashi da Funtua, watau ƙanƙarar zaƙi da a ke yi wa yara. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zancen mata ne da yara, bai kai a kawo shi gaban manya ba. Amma duk abin da ke shiga cikin yaro ya shafi lafiyar gari, lafiyar gari kuwa amana ce a hannun hakimi.

Sanin kowa ne idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a nan ya kan kai kusan digiri 40 a ma'aunin zafi. A lokacin ne kuma mangwaro ke nuna, har ya riƙa zuba yana ruɓewa a gindin itace. A lokacin ne yara ke bin masu tallan ƙanƙara a ƙofar makaranta da bakin tasha. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya zo cikin wannan zafi, aka ga yadda manya ma su ke neman abu mai sanyi don buɗa baki.

Asalin ƙanƙara mai tsinke daga Amurka ne. An ce a 1905 wani yaro ɗan shekara 11, Frank Epperson, ya manta kofin abin shansa a waje cikin daren hunturu, da tsinken da ya dama a ciki. Da gari ya waye ya tarar ya daskare, ya ja tsinken, ƙanƙarar ta biyo. Bayan ya girma ya yi rajistar wannan dabara a 1924. Mutanen ƙasar nan kuwa ba su bukatar garin kanti irin nasa, domin Allah ya hore musu zoɓorodo da tsamiya da 'ya'yan kuka da mangwaro da gwaiba da kankana da lemo.

Sanyi ba ya kashe cuta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton da mutane ke yi cewa idan ruwa ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Wuta ita ke kashe ƙwayoyin cuta, sanyi kuwa kwantar da su kawai ya ke yi. Ƙwayoyin kwalara da na zazzabin taifot su kan rayu cikin ƙanƙara, in ta narke a cikin yaro su farka su ci gaba da aikinsu. Tun a 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya nuna ruwan famfo guda ne ya yaɗa kwalara a unguwa guda. A Nijeriya kuma, a 2021, fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da ita, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya taɓa. Saboda haka matar da ta haɗa ƙanƙara da ɗanyen ruwan rijiya ko na garuwa, ta sayar wa yara hamsin, tana iya raba cuta gida hamsin a yini ɗaya, alhali ba ta nufi kowa da sharri ba.

Yadda a ke haɗawa

Da farko a tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, a rufe shi ya huce. Mai aikin ta wanke hannu da sabulu, ta wanke tukunya da rariya da ludayi da kofuna. 'Ya'yan itacen ma a wanke su da ruwa mai tsabta tun ba a sa musu wuƙa ba, a zubar da duk wanda ya fara ruɓewa ko ƙuda ya sauka a kan fashewarsa.

In na zoɓorodo za a yi, a sa cikin hannu biyu na busasshen zoɓo a lita biyu ta ruwa, da ɗan citta da kanumfari, a dafa kamar minti 15. Sa'an nan a tace, a zuba sukari cikin gwangwanin madara biyu tun da sauran zafi, domin ya narke sosai. In na tsamiya ne ko na 'ya'yan kuka, a jiƙa cikin tafasasshen ruwa, a dama, a tace. In na mangwaro ne, a sami nunannu guda shida, a fere, a yanke naman a markaɗa ko a murje a rariya, a ƙara rabin lita na dafaffen ruwa da ruwan lemon tsami guda. Mangwaro da kankana suna da zaƙinsu, sukari kaɗan ya ishe su.

Akwai abu biyu game da sukari da ya kamata a sani. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, don haka haɗin da za a daskarar ya kan ɗan fi na sha zaƙi. Amma kuma ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, mai sukari kuwa sai sanyi ya wuce haka, in sukarin ya yi yawa ƙanƙarar ba za ta yi tauri ba, ga shi yana ɓata haƙoran yara. Kada a sa garurar rini don neman launi, ita ta tufa ce, ba ta ciki ba. Jan zoɓo da rawayar mangwaro sun wadatar.

In haɗin ya huce sarai, a zuba a ƙananan kofuna ko sababbin ledoji. Kada a cika su fal, gama ruwa ya kan ƙaru kusan kashi ɗaya cikin goma in ya daskare. Kada a hura leda da baki don a buɗe ta, kada kuma a yi amfani da gorunan da aka tsinto a bola. Bayan kamar awa biyu a firji, in ya fara kamawa, a soka ƙaramin cokali ko tsinke mai tsabta marar tsini a tsakiya. Cikin awa shida zuwa takwas ya kan daskare. In za a cire, a tsoma gindin kofin a ruwan ɗumi kaɗan, sai ta fito.

Inda wuta ba ta tsayawa

In wutar lantarki ta ɗauke, kada a yi ta buɗe firji. Na daskarewa in yana cike, aka bar shi a rufe, ya kan riƙe sanyinsa kamar kwana biyu, in rabi ne kwana ɗaya. Ƙanƙarar da ta narke ta yi ɗumi kuwa, kada a mai da ita ta sake daskarewa, musamman mai madara ko ta kunun aya, waɗanda ke saurin lalacewa. Asarar kuɗin sukari ta fi sauƙi bisa ga jinyar yaro.

A ƙauyen da babu wuta akwai wata tsohuwar dabara. A sayo dunƙulen ƙanƙara, a farfasa, a gauraya kashi uku nata da kashi ɗaya na gishiri a cikin bokiti, a binne ƙananan ledojin da aka ƙulle tam a ciki, a lulluɓe da buhu. Gishiri yana sa sanyin ya sauka ƙasa da digiri 0 ƙwarai, har abin da ke cikin leda ya kama. Ita wannan ƙanƙarar saye ba a san ruwanta ba, saboda haka kada ta taɓa abin sha, a kuma ɗauraye bayan ledar kafin a miƙa wa yaro, tun da da haƙori ya ke ɓula ta.

Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ke bukata, kada a lasa masa ƙanƙara. Wanda bai cika shekara ba kada a ba shi mai zuma. Yaron da gudawa ta kama kuwa, a haɗa masa lita ɗaya ta dafaffen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Abin da a ke roƙon hakimai

Ba a nufin a hana wannan sana'a. Mata da yawa a cikin kulle da ita su ke sayen sabulu da littattafan 'ya'yansu, kuma tana ceton 'ya'yan itacen da da sun ruɓe a banza. Gyara a ke nema, ga kuma hanyarsa.

Na ɗaya, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni kafin bazara, a karanta musu wannan bayani, su kuma su isar ga masu gidaje.

Na biyu, a roƙi limamai da malaman Islamiyyar matan aure su yi ta nanata maganar tafasa ruwa, gama su ne maganarsu ke shiga har cikin ɗaki.

Na uku, malamin hakimi ya rubuta gidajen da ke yin ƙanƙara don sayarwa a kowace unguwa, domin ma'aikatan tsabta na Ƙaramar Hukuma su ziyarce su, su koya musu cikin mutunci, ba da tsawa ba.

Na huɗu, in aka ji mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya sun kamu da amai da gudawa, mai unguwa ya sanar da dagaci a ranar, hakimi kuma ya aika wa asibiti da Ƙaramar Hukuma nan take, a rubuta sunan unguwar da ranar da abin ya fara da inda su ke ɗiban ruwa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Itacen da za a tafasa tukunya guda bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Allah ya tsare zuriya, ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa shugabanni lafiya. Amin.