Yadda Dabara Ke Faɗo wa Mutum: Jawabi ga Matasa 'Yan Kasuwa da Masu Sana'a

 

An ce in yi magana a kan yadda ƙwaƙwalwa ke warware matsala. Ita wannan aba nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Kun ga ke nan tunani ma aiki ne, yana gajiyarwa.

A 1926 wani Baturen Ingila, Graham Wallas, ya kasa zuwan dabara mataki huɗu. Mu ɗauki maɗinkin da aka ce ya fito da sabon zanen babbar riga. Da farko sai ya tattara abin da ya sani, su aska biyu da aska takwas, ya yi ta gwadawa har ya cije. Na biyu, ya ajiye aikin ya tashi. Na uku, yana wanka ko yana tafe a hanya, sai zanen ya faɗo masa. Na huɗu, ya zauna ya gwada a ƙyalle, domin ba kowace dabara ce ke ɗinkuwa ba.

To, a mataki na biyun nan ƙwaƙwalwa ba zaman banza take ba. A 2001 wani likita a Amurka, Marcus Raichle, ya nuna cewa akwai sassanta da ke ƙara motsi idan mutum ya saki aiki. Masana na ganin a lokacin ne take haɗa tsohon sani da sabuwar matsala. A 2004 kuma an gwada mutane da lissafi a Jamus: waɗanda suka yi barci suka gano gajeriyar hanyar da aka ɓoye, sun ninka waɗanda ba su runtsa ba.

Amma fa a lura, wanda bai zuba komai a tukunya ba, ko ya kwana goma ba abin da zai dahu.

Saboda haka samari, in an kawo maku cinikin da zai taɓa jarinku da daddare, kuna gajiye, ku ce sai da safe. Za a ce maku a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Gaskiya ne a cinikin kwando ɗaya na goro, amma ban da mota guda. Ku kwana da magana, gari ya waye ku sake buga lissafi a takarda.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.