Dokar bariki da surutun waya: mu rabe aya da tsakuwa

 

Kwanakin nan na zauna ina bin abin da jama'a ke faɗi a Facebook, TikTok da zaurukan WhatsApp kan hana luwaɗi da maɗigo a gidan soja. Abin da na fara lura da shi, labari biyu ne aka cakuɗa wuri guda.

Na farko na Najeriya ne. A Disamban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabbin ƙa'idojin aikin soja, waɗanda suka haramta wa sojoji luwaɗi da maɗigo, da shigar mata ga namiji, har da zane a jiki. Wannan ta 'yan bariki ce. Ta sauran jama'a tana nan tun 2014, lokacin da Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14.

Na biyu namu ne na nan Burkina. Ranar 1 ga Satumban 2025 majalisar riƙon ƙwarya ta amince da sabuwar dokar iyali: ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tara, baƙo kuma ana iya korarsa daga ƙasa, kamar yadda ministan shari'a Edasso Rodrigue Bayala ya bayyana. Wannan ta hau kan kowa, soja da farar hula.

To me jama'a ke cewa? A zaurukan da nake ciki, akasari murna suke, suna cewa addini da al'ada ne. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty International kuwa sun soki dokar ta Burkina. Amma fa ƙidayar waya ba ƙidayar jama'a ba ce. Murya ɗaya da aka tura zaure ashirin sai ta yi kama da mutum ashirin. Makiyayin da ke daji, inda babu rezo, ba wanda ya ji ta bakinsa.

Ku tuna da Yulin 2024, da jaridar Daily Trust ta ce yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi goyon bayan masu auren jinsi. Arewa ta ɗauki zafi, har kan mumbari. Daga baya jaridar ta nemi afuwa, amma da yawa da suka ji labarin ba su ji gyaran ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙazafi. Yau rigimar bashi ta haɗa mutum biyu a kasuwar dabbobi ta Pouytenga, gobe sai ka ga hoton ɗaya yana yawo da mummunan suna a ƙasansa. Kafin gaskiya ta fito mutunci ya zube, abokan ciniki sun watse. In baƙo ne, jarinsa ma yana cikin haɗari. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: wace ƙasa ake nufi, wace shekara, wa ya faɗa? In da suna ko hoton wani a ciki, bar shi ya mutu a wayarka.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.