Juya Hotunan Kyamarar Bidiyo Zuwa Kwamfuta Domin Tacewa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda ake juya hoton da kyamarar bidiyo ta ɗauka zuwa cikin kwamfuta domin a tace shi, watau a yanke abin da ba a so, a harhaɗa sauran bisa tsari. Mai sauraro zai iya cewa wannan ai aikin masu shago ne. To, amma duk wanda ya taɓa buɗe kabad a ofis ya tarar da kaset-kaset na taro ko na bikin yaye ɗalibai sun yi ƙura, ba kuwa na'urar da za ta buɗe su, ya san maganar ta shafe mu duka.

Bari mu fara da asali. A cikin 1983 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Betamovie, kyamarar da ta haɗa ɗauka da naɗi a jiki guda. Video8 ta biyo baya a 1985, sai Hi8 a 1989. Waɗannan duka, har da VHS, suna naɗe hoto ne a kan zare mai maganaɗisu. Mai tacewa a lokacin sai ya jera na'ura biyu, ɗaya na kunnawa, ɗaya na naɗewa, kowane juyi kuwa sai hoton ya ƙara dushewa. A kan irin wannan kaset ne finafinan Hausa na bidiyo suka tashi, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990.

A 1995 aka fito da kaset ɗin MiniDV, wanda ke ajiye hoto a matsayin lambobi. Tun da lamba ba ta dushewa, abin da ya shiga kwamfuta daidai yake da abin da ke kan zare. Wayar da ke ɗauke da shi ita ce FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin kafar USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori ba ta fitar da cikakken hoto, kwamfutocin yanzu kuwa ba a yi musu kafar FireWire. Saboda haka sai an nemi tsohuwar kwamfuta, ko a sa wa ta tebur kati mai wannan kafa. Kaset ɗin VHS da Hi8 su kuma sai an ratsa da su ta na'urar da ke mayar da hoto lambobi.

Akwai abu biyu da ya wajaba mai shirin aikin ya lissafa tun da fari. Na farko lokaci: kaset ba ya gaggawa, na awa ɗaya awa ɗaya zai ci. Na biyu wurin ajiya: awa guda ta MiniDV tana cin kimanin gigabayit 13. Ofishin da ke da kaset 100 ke nan yana bukatar awa 100 da gigabayit 1,300. In ana yin awa biyar kullum, aikin kwana 20 ne.

Kafin a kunna, a kulle ɗan makullin da ke jikin kaset don kada a naɗe wani abu a kansa bisa kuskure. A duba zaren; in ya yi funfuna kada a sa shi, gama zai ɓata kan na'ura. A kuma lura da tsari: Nijeriya PAL take bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, kaset ɗin da aka ɗauko daga Amurka kuwa NTSC ne, ba kowace na'ura ce ke karanta shi ba. Idan an gama juyi, a rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda ke ciki, a ajiye kwafi biyu a wurare dabam, sa'an nan a yi tacewa a kan na uku. Kada kuma a jefar da kaset na asali.

Dalilin hanzari kuwa a fili yake. Zafi da laima da ƙurar hunturu suna cin zare sannu a hankali, kuma tun 2016 kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina. Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Ina roƙon kowane shugaban sashe da ke nan ya sa a ƙirga kaset-kaset ɗin da ke hannunsa cikin wannan wata, a fara da mafi tsufa.