Murar Da Ba Mura Ba



Akwai wani ciwo da muke yi wa kuɗin goro da mura, alhali kuwa ba mura ba ne. Za ka ga mutum ya tashi da asuba ya jera atishawa goma, hanci na zubar da ruwa fari tas, ido da ganɗa na ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi, kuma ba ya shafa wa kowa a gidan. Mura ta gaskiya ƙwayar cuta ce ke kawo ta, takan yi mako guda ko kwana goma ta wuce. Wannan kuwa sai ya yi wata da watanni. Likitoci suna kiransa alajin hanci.

Wani likitan Ingila, John Bostock, shi ya fara bayyana shi filla-filla a Landan cikin 1819, kuma a jikinsa ya lura da shi. A 1873 wani likita a Manchesta, Charles Blackley, ya wallafa yadda ya gwada bununi, wato garin furen ciyawa, a hancinsa da fatarsa, ya tabbatar cewa shi ne ke ta da ciwon.

To, me ke faruwa a cikin hancin? Jikin ɗan Adam yana da dakarun tsaro masu yaƙar cuta. A jikin mai alaji sai dakarun nan su yi kuskure, su ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, su saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke kumbura fatar cikin hanci ya sa ta tsattsafo da ruwa. Sau da yawa abin gado ne, kuma ɗan'uwan asma ne na jini. Ban da bununi, akwai fumfuna, da kashin kyankyaso, da kyanwa, da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashin kai. Ƙurar hunturu, wadda galibinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, da hayaƙin girki da turaren wuta, su kuwa fami suke yi wa hancin da ya riga ya kumbura.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke magani. Ma'aikaci ya shiga kemis ya sayi kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu ƙwayar da za a kashe. Wani kuma ya riƙe maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Wannan idan aka wuce kwana biyar ana sa shi, sai hancin ya koma ba ya buɗewa sai da shi, toshewar ta fi ta da muni. Piriton yana aiki, sai dai yana sa barci. Direba da ɗalibi mai jarrabawa su kiyaye, gara su nemi setirizin ko loratadin.

Matakin farko dai shi ne mutum ya gano abin da ke tayar masa, ya nisance shi iyakar iyawa: a wanke zanen gado da ruwan zafi, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci ranar hazo. Sa'an nan a riƙa wanke hanci da ruwan gishiri, amma lalle ruwan ya zama an tafasa shi ya huce. Idan ciwon ya yi naci, maganin da ya fi duka shi ne feshin hanci mai sitiroyid, wanda likita zai rubuta. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an lazimce shi kullum, wani lokaci har mako biyu, kuma a nan ne mutane da yawa ke gajiya su yar.

Wanda toshewarsa ta tsaya a kafar hanci ɗaya, ko yana haɓo akai-akai, ko ƙirjinsa ya fara shaƙewa da dare, ya bar kemis ya tafi asibiti.